Ɗaukar sabon shiga a aikin tallan bincike: satifiket za a duba ko me?

Baban_Khalifa
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina jagorantar ƙaramin sashen talla a wani kamfani, mu huɗu ne, kuma an ba ni dama in ɗauki mutum ɗaya, sabon shiga, wanda zai riƙa taya mu kula da tallan Google Ads da gyaran shafukanmu don su riƙa fitowa in an yi bincike, wato SEO. Na saka sanarwa, kafin mako ya zagayo takardu sun cika min akwati. Abin da ya ɗaure min kai, kusan kowa yana da satifiket ɗin Google, kusan kowa ya kira kansa ƙwararre, har jimlolin iri ɗaya ne kamar mutum ɗaya ya rubuta musu. Na kira mutum shida intabiyu, na yi wa kowanne tambaya ɗaya: ana kashe kuɗi a talla, mutane suna dannawa, amma ba mai saye, ina za ka fara dubawa? Huɗu suka ce a ƙara kuɗi. Ni dai na fara ganin satifiket ɗin nan ba ya nuna komai. Waɗanda suka taɓa ɗaukar ma'aikata a wannan fanni, me kuke dubawa? Masu neman aikin ma ku faɗi naku, ba zan ji haushi ba.

Sabon_Shiga01
Wa alaikumus salam. Yallaɓai kafin manya su iso, tambaya ɗaya gare ni. A sanarwar taka ka nemi gogewa ko ba ka nema ba?

Baban_Khalifa
Na rubuta shekara ɗaya zuwa biyu.

Sabon_Shiga01
To ka ga inda gizo ke saƙar. Kun ce aikin sabon shiga ne, kuma kuna neman wanda ya yi shekara biyu. A ina zai yi shekara biyun in kowa haka yake rubutawa? Wata takwas ke nan ina aika takardu. Da farko gaskiya nake faɗa, cewa da kaina na koya, ban taɓa riƙe asusun tallan kowa ba. Ko amsa ba a ba ni. Abokaina da suka rubuta ƙwararre su ake kira. Ku kuka koya mana ƙaryar, yanzu kuma kun dawo kuna mamakinta.

Maman_Ilham
Yaron nan ya faɗi gaskiya, ko da ɗaci.

Tsohon_Hannu
Malam Baban_Khalifa, na daɗe a harkar nan tun sunan abin AdWords, kafin a mayar da shi Google Ads a 2018, kuma na ɗauki yara da dama. Bari in fara da satifiket ɗin. Jarrabawar Skillshop, wato dandalin koyarwa na Google da ke ba da satifiket ɗin, kyauta ce, mutum yana zaune a ɗakinsa yake yi, ana neman maki 80 cikin 100, in ka faɗi ka jira kwana ɗaya ka sake, bayan shekara guda kuma ta ƙare sai an sabunta. Ba laifi ba ne mutum ya same ta, tana nuna aƙalla ya zauna ya karanta ya san sunayen abubuwa. Amma a tuna wa ya shirya jarrabawar: mai sayar da tallan ne. Amsar da ake so a wurare da yawa ita ce ka sakar wa na'urar Google mara ta yi maka. Saboda haka mutum huɗun da suka ce a ƙara kuɗi ba daƙiƙai ba ne, karatun da aka biya musu suka maimaita.

Abin da nake yi ni, ina buga rahoton kalmomin da mutane suka rubuta da hannunsu kafin tallanmu ya fito musu, layi hamsin haka, in goge sunan kamfani, in miƙa wa mutum tare da biro. Sai in ce ga abin da muke sayarwa, ja layi ƙarƙashin duk inda kake ganin kuɗinmu ya tafi a banza. Ba ya buƙatar gogewa, hankali kawai yake buƙata. Wata yarinya da na taɓa ɗauka, ba ta ma taɓa buɗe Google Ads ba, minti biyar ba a yi ba ta ɗago kai ta ce, Malam, ku da kuke sayar da kwas, me ya sa kuke biyan kuɗi a kan masu rubuta "kyauta" da masu rubuta "neman aiki"? Ta ja layi ƙarƙashin goma sha ɗaya. Na koma na duba, tara daga ciki ba mu saka su a jerin kalmomin da muka toshe ba. Ranar na ɗauke ta.

Ummi_Lissafi
Na yarda da Baba Tsohon_Hannu, amma ni lissafi nake fara gwadawa, don nan ne ake yawan zubewa. Tambayata ba ta canzawa: an kashe 1,000, ko wane irin kuɗi ne, an samu dannawa 500, mutum 10 suka saya, ribar kowane ciniki 60. Tallan nan ci yake ko faɗuwa? Wanda ya iya zai ce kowace dannawa ta tashi a 2, biyu cikin ɗari ne ke saye, kowane mai saye ya ci mana 100, ribarsa 60, ke nan asarar 40 muke yi a kansa. Wanda ya fi iyawa zai tambaye ni, shin mai sayen yana dawowa? Don in yana dawowa sau uku a shekara labarin ya sauya. Wannan tambayar nake jira. Kuna iya mamakin yawan masu digiri da ke cewa tallan ya yi kyau tunda an samu dannawa 500.

MaiShakka
Ku yi haƙuri, amma duk wannan da kuke lissafawa ba shi ne abin da ya kamata ku koya wa mutum bayan kun ɗauke shi ba? In ya riga ya iya, ai ba sabon shiga ba ne, sai ku biya shi kuɗin wanda ya iya.

Ummi_Lissafi
@MaiShakka ɗan'uwa raba 1,000 gida 10 ba aikin ofis ba ne, aikin firamare ne. Inda ake danna maɓalli zan koya masa cikin mako biyu. Tsayawa a yi tunani kafin a yi magana ne ban san yadda ake koyar da shi ba.

Sabon_Shiga01
Anti Ummi ni na samu 100 ɗin kafin in karanta amsarki, wallahi. Amma wa zai kira ni har ya yi min tambayar? Takardata ba ta wuce matakin farko.

Alƙalami_Ya_Bushe
Akwai abin da ba a ambata ba har yanzu, rubutu. Tallan bincike rabinsa rubutu ne a wuri matsattse. Kanun talla harafi 30 ne kacal, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ana ba ka damar saka har guda 15, bayani kuma harafi 90, guda huɗu. Tun tsakiyar 2022 da aka daina barin mutane su ƙirƙiri tsohon salon tallan, na'ura ce ke cakuɗa kanun yadda ta ga dama, don haka dole kowanne ya tsaya da ƙafarsa, kuma kar biyu su faɗi abu ɗaya. Ka ba mai neman aiki kaya ɗaya ka ce ya rubuta kanu biyar. Wanda ya cika su da "mafi inganci" da "na ɗaya a duniya" bai taɓa tunanin abin da mai binciken ke nema ba. Wanda ya tambaye ka wa ke saye kuma me ke hana shi saye, riƙe shi.

Zee_Mai_Koyo
Tunda an zo maganar gwaji bari in amayar da abin da ke cina. Wani kamfani ya kira ni bara, bayan intabiyu biyu suka ce in binciki shafinsu gaba ɗaya in rubuto gyararrakin da yake buƙata, wai gwaji ne. Kwana huɗu na yi ban yi barcin kirki ba. Na bi shafin da Screaming Frog, manhajar da ke binciko kurakuran shafi, ta kyautar da ke tsayawa a adireshi 500, na fito da shafukan da suka mutu, da masu take iri ɗaya, da hotunan da ke nauyaya shafin a waya. Shafi goma sha biyu na rubuta. Suka ce za su tuntuɓe ni. Bayan wata biyu na leƙa, duk taken da na ba da shawara an saka su, kalma da kalma, har da wani kuskuren harafi da na yi. Ni kuwa har yau shiru. Don haka masu ɗaukar aiki, in za ku yi gwaji ku ji tsoron Allah.

Maman_Ilham
Innalillahi. Har da kuskuren harafin! Allah ya isar miki 'yar'uwa.

Tsohon_Hannu
Wannan ba gwaji ba ne 'yata, aikin banza suka sa ki. Gwajin da ya wuce awa ɗaya ko biyu, ko wanda kamfani zai iya ɗauka ya yi amfani da shi gobe, a biya mutum. Shi ya sa nake ba da tsohon rahoto wanda aka riga aka gama da shi, kuma a gabana ake yi. Amma kar ki yar da shafi goma sha biyun nan. Goge sunansu ki mayar da shi abin nunawa. Ya fi satifiket goma.

Gwanin_Linki
Ni duk wannan dogon turancin ban gane masa ba. SEO linki ne kawai, wato wasu shafuka su riƙa nuno naka. Ka ba ni shafi, in zuba masa linki dubu ɗaya, cikin mako biyu makinsa na DA, wato makin ƙarfin shafi, ya haura, Google ya ɗaga shi. Wanda ya san inda ake samo linki shi za ka ɗauka Yallaɓai, sauran duk surutu ne.

Ƙididdiga_Zalla
@Gwanin_Linki DA ɗin nan ma'aunin kamfanin Moz ne, ba na Google ba, Google ba ya aiki da shi wajen jera shafuka. Makin darajar shafi na PageRank da Google ke nuna wa jama'a a da ma an cire shi tun 2016. Linkin saye kuwa, tun Afrilun 2012 da Google ya fito da Penguin, tsarinsa na kama linkin bogi, ake kwasar masu yin haka. In Allah ya taimake ka Google ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi a banza, in bai taimake ka ba ka wayi gari da saƙon hukunci a Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi yadda shafinsa ke fitowa a bincike.

Gwanin_Linki
Ni dai yana min aiki.

Ƙididdiga_Zalla
A shafinka ko a shafin mutane? Don in ya fashe kai ka riga ka karɓi kuɗinka ka yi gaba.

Baban_Khalifa
Hhh. Malam Gwani na gode, ka ba ni tambayar intabiyu ba tare da ka sani ba. Duk wanda ya yi min alƙawarin matsayi na ɗaya cikin mako biyu na san inda zan ajiye takardarsa. Google da kansa yana gargaɗin cewa ba mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Mu koma kan batunmu don Allah. Maganar Sabon_Shiga01 ta tsaya min a rai. Gaskiya ba ni na ƙirƙiro shekara biyun nan ba, tsohuwar sanarwa na tarar na kwafa. Amma in na cire ta, da me zan tace takardun? Ba zan iya kiran kowa ba.

Hajiya_Mai_Shafi
Ka tace da abin da hannun mutum ya taɓa. Ka rubuta a sanarwar: turo mana abu ɗaya da ka yi da kanka a intanet, ko ƙarami ne, da layi biyar kan abin da ka gwada da abin da ya faru. Rabin masu kwafe-kwafen nan ba za su turo komai ba, ka huta.

Ni haka na shigo. Shekara shida na yi ban yi aiki ba ina renon yara, takardata duk rami ce. Na buɗe ɗan shafi kan ɗinki, na haɗa shi da Search Console, wanda kyauta ne. Wata uku ba kowa. Rannan ina duba rahoto na ga wani rubutuna ana nuna shi sosai amma ba a dannawa, yana can ƙasan shafin farko. Na duba kalmomin da ake rubutawa, ashe mutane tambaya suke yi kan yadda ake auna hannun riga, ni kuma taken da na saka wani abu ne na ƙawa da ba ya faɗin komai. Na sauya taken ya zama tambayar tasu, na ɗago amsar zuwa saman rubutun. Bayan 'yan makonni dannawa ta ninka. Lambobin ƙanana ne, abin dariya ma, amma ranar intabiyu na buɗe kwamfuta na nuna layin kafin gyara da bayan gyara. Mutumin bai sake tambayata shekara shidan nan ba.

Sabon_Shiga01
Hajiya wannan na SEO ne. Na talla fa? Koyon Google Ads sai da kuɗin da za ka ƙona, ni kuwa ba ni da su.

Ƙididdiga_Zalla
Akwai hanyoyi ƙanena. Google Analytics, wato dandalin ƙidayar masu ziyartar shafi, yana da asusun gwaji da kowa zai iya shiga, bayanan shagon Google na kayan tambarinsu ne a ciki, na gaske, ka yi ta juya su har ka gaji. Ka tabbata sabon kake koya, GA4, don tsohon ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yulin 2023, kuma har yanzu akwai darussan tsohon birjik a intanet suna ɓata wa mutane lokaci. Sannan akwai shirin Ad Grants, inda Google ke ba ƙungiyoyin agaji da suka cancanta tallan bincike na dala 10,000 a wata. Da yawansu ba su da mai kula musu da asusun, kuma akwai sharuɗɗa, misali dannawa kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na yawan nuna tallan. Ka sami irin wannan ƙungiya ka taimaka musu wata uku, ka sami asusu na gaske da za ka yi magana a kansa.

MaiShakka
Wato dai a sake yin aikin kyauta. Zee ta yi na kwana huɗu kun ce zalunci ne, wannan na wata uku kun ce dabara ce.

Hajiya_Mai_Shafi
Da bambanci Malam. Wancan yaudararta aka yi, wannan kai ka zaɓa kuma sakamakon naka ne. Amma ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba. Wanda ke da mai ciyar da shi ne ke iya wata uku ba albashi. Wanda ba shi da shi an bar shi a baya, ba don ya fi kowa rashin ƙwaƙwalwa ba.

Dogon_Nazari
Ni tambayata ta fi wannan. Anya aikin sabon shigan ma zai rage? A da yaro yana koyo ne ta ƙananan ayyuka: ɗaga farashin kalma da sauke shi da hannu, haɗa rahoton mako a Excel, rubuta bayanan shafuka ɗari. Yanzu na'ura ke saka farashi, salon tallan Google na Performance Max da ya zo a 2021 kusan komai shi ke yanke wa kansa, ChatGPT tun ƙarshen 2022 yana zubo rubutu, a Mayun 2024 kuma Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako a Amurka, ya bi sauran ƙasashe da ita. Matakalar da muka taka muka hau an sare ta. Kamfanoni suna neman wanda zai sa wa na'ura ido, amma ta ina zai san ta yi kuskure in bai taɓa yin aikin da hannunsa ba?

Gwanin_Linki
Na faɗa muku SEO ya mutu ai.

Maman_Ilham
Kai da ɗazu ka ce yana maka aiki?

Tsohon_Hannu
Hhh Maman Ilham ki bar shi. An yi jana'izar SEO a 2011 da Google ya kawo Panda, tsarin da ke danne shafuka marasa inganci, an sake yi da Google ya ɓoye kalmomin bincike a Analytics, an yi a 2015 da RankBrain, ƙirƙirarriyar basirar da Google ya saka wajen jera shafuka. Gawar ba ta kwanciya. Amma maganar Dogon_Nazari ba ta wasa ba ce, ita ce ma ta fi damuna a duk zaren nan. Ni na san farashin da ya yi tsada ne saboda na shekara ina saka shi da hannu. Yaran yanzu ba za su sami wannan ba sai in da gangan aka ba su. Abin da nake yi, duk sabon da na ɗauka ina ware masa ƙaramin kamfen da ɗan kuɗi kaɗan, in ce wannan naka ne, da hannu za ka tuƙa shi wata biyu, ko da na'ura za ta fi ka. Asarar da zai yi kuɗin makaranta ce.

Shiru_Ma_Magana
Google ne dai ya ƙirƙiro biyan kuɗi kan dannawa, shi kuma zai kashe shi.

Tsohon_Hannu
Gyara kaɗan ɗana. GoTo.com na Bill Gross ne ya fara gwanjon kalmomi da biya kan dannawa a 1998, ya koma Overture, Yahoo ta saye shi a 2003. AdWords ya fito a 2000 yana karɓar kuɗi ne kan yawan nunawa, sai a 2002 ya koma kan dannawa. Abin da Google ya ƙara mai muhimmanci shi ne ba mai kuɗi da yawa kaɗai ke hawa sama ba, ana duba ko mutane na danna tallan. Daga nan makin inganci ya samo asali, wanda yanzu ake nunawa daga 1 zuwa 10. Wannan ma tambaya ce mai kyau ga mai neman aiki: me ya sa wanda ya biya ƙasa da kai zai iya fitowa a samanka?

Ummi_Lissafi
Akwai hali ɗaya da na fi nema fiye da lissafin ma, kuma sai da na ƙone na san shi. A watana na biyu a aikina na farko na ƙara sifili ɗaya a kasafin yini, ranar Juma'a da yamma. Ban kuma san cewa Google na iya kashe har ninki biyu na kasafin yini a rana ɗaya ba, shi lissafinsa na wata ne, kasafin yini sau 30.4. Litinin da safe na buɗe asusun, na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Na zauna minti goma ina tunanin in gyara in yi shiru, wataƙila ba a lura ba sai ƙarshen wata. Daga baya na tashi na je na faɗa wa shugabata. Ta dube ni ta ce, kin tsayar da tallan? Na ce eh. Ta ce to zauna mu rubuta wa mai kuɗin tare. Ba ta ɗaga murya ba. Tun daga ranar duk wanda zan ɗauka sai na ce ya ba ni labarin kuskuren da ya taɓa yi da yadda aka gano. Wanda ya ce bai taɓa kuskure ba, ba zan ba shi mabuɗin asusun da kuɗin mutane ke ciki ba.

Zee_Mai_Koyo
Anti Ummi irin wannan shugabar ake nema, ba a samu.

Alƙalami_Ya_Bushe
Ɓangaren SEO ma yana da irin nasa sifilin. An sabunta shafi, mai ginin ya manta da alamar noindex da ya saka lokacin gwaji, shafin ya fita da ita. Kyau kamar me, amma an ce wa Google kar ya saka shi a rumbunsa. Mako biyu baƙi na raguwa ana ta zargin kasuwa. Ƙaramin ma'aikaci ne ya gano, don shi kaɗai ke buɗe Search Console kowace safiya. To ku gaya min wace jarrabawa ce ke auna wannan naci.

Ɗan_Boko_Sak
Ba wanda ya yi maganar digiri. Ni na karanta harkar kasuwanci da talla shekara huɗu, yanzu a ce wanda ya kalli bidiyo wata uku mun zama ɗaya?

Ƙididdiga_Zalla
Ba ku zama ɗaya ba, kai ka san abin da ake nufi da rukunin masu saye da ribar kaya, wannan zai yi maka rana nan gaba in aka fara zama da manya. Amma ranar farko dai kai da shi duk ba ku san cewa sabon kamfen na bincike yana iya zuwa da zaɓin watsa tallan a shafukan wasu a kunne ba, sai ka kashe da kanka. Mafi iya aikin da na taɓa zama da su, ɗaya lissafi ya karanta, ɗaya harshe, ɗaya ma malamar makaranta ce.

Ɗan_Boko_Sak
To a daina rubuta digiri a sanarwa mana, in ba a buƙata.

MaiShakka
Yauwa. Kun dawo inda Sabon_Shiga01 ya fara. Sanarwar ce ba ta faɗin gaskiya. Kuma har yanzu ba wanda ya taɓo albashi. Yallaɓai ka rubuta abin da za ka biya a sanarwar? Don in kana son mai lissafi, mai rubutu, mai naci, mai gaskiya, mai shafin kansa, wannan ba ƙaramin mutum ba ne, kuma shekara ɗaya zai yi maka wani ya ɗauke shi.

Tsohon_Hannu
Zai tafi kam. Yarinyar da na ba ku labarinta wata goma sha takwas ta yi. Na ji zafi, amma wanda ya koya min ma haka na yi masa.

Baban_Khalifa
Na karanta komai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubuta sanarwar daren jiya. Na cire shekarun gogewa, na mayar da satifiket abin so ba dole ba, na saka shawarar Hajiya ta turo abu ɗaya da layi biyar. Gwajin zai zama rahoton Baba Tsohon_Hannu da lissafin Malama Ummi, minti arba'in, a zaune tare da ni, da tsofaffin bayanai. Albashi kuwa @MaiShakka na kai maganar sama, an ce ba a saba rubutawa ba, ina kan ja da su.

Sai dai ga wata sabuwa. Cikin shidan farko akwai biyun da ba su ce a ƙara kuɗi ba. Ɗaya ya ce zai fara duba shafin da mutane ke sauka a kai, a waya, ya ga ko yana buɗewa da wuri kuma ko abin da tallan ya yi alƙawari yana wurin. Ɗayar ta ce kafin komai za ta tabbatar ma'aunin cinikin yana aiki, don wataƙila ana saye, mu ne ba ma gani. Na farkon yana da surutu da karsashi, ta biyun sai ka ja magana daga bakinta. Gurbi ɗaya ne.

Ummi_Lissafi
Ta biyun. Ko tantama babu.

Alƙalami_Ya_Bushe
Na farkon. Ma'auni ana koya, tunanin mai saye ba kowa ke da shi ba.

Hajiya_Mai_Shafi
Ka ba su gwajin duka biyu tukuna mana, ai ba ka gwada su da biro ba. Kuma wanda ba ka ɗauka ba ka kira shi ka faɗa masa dalili, kar ka yi masa irin ta Zee.

MaiShakka
In ka riga ka ware biyu, sabuwar sanarwar ta mece ce? Kar mutane su ɓata dare suna rubuta layi biyar a kan gurbin da aka gama da shi.

Baban_Khalifa
Ba a gama ba Malam, sai ƙarshen wata zan rufe. Amma ka sa ni tunani.

Sabon_Shiga01
Yallaɓai ni ban da shafi tukuna, yau da dare zan buɗe. Wanda bai kai wata ɗaya ba, ba dannawa ko ɗaya, ana iya turo shi ko sai ya yi ƙwari?